Landirobar Ilu da Ragon Suna

Duk wanda ya zauna a Gumel a shekarar 1976, in bai san fuskar Ilu masinja ba, to ya san muryarsa. Masinja ne a ofishin gandun daji, aikinsa kai takardu da goge tebur. Amma in ka ji shi da yamma a gindin darbejiyar da ke ƙofar shagon Haladu tela, sai ka rantse shi ya dasa kowace bishiya daga nan har bakin iyaka. Sau ɗaya tak ya taɓa raka masu awon daji, kwana uku yana riƙe musu laima da butar shayi. Tun daga ranar ya zama masanin ƙasa.

Da bazarar shekarar aka yi gwanjon wata tsohuwar Landiroba mai sitiyari a dama, wadda aka jingine tun lokacin da aka sauya hannun tuƙi. Kaji sun shekara huɗu suna ƙwai a cikinta. Ilu ya rabu da kekensa da rabin gonarsa ya saye ta, ya koyi tuƙi a filin ƙwallon 'yan makaranta, inda ya karya turken gola har sau biyu. Motar ba ta tashi sai da turi, ba ta da ribas, birkinta kuwa sai an taka sau uku yake tuna aikinsa.

Tsakiyar damina aka aiko daga Sule Tankarkar cewa matarsa Larai, wadda ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta sauka lafiya, an sami namiji. Haihuwar fari ce bayan shekara shida da aure. Surukinsa Malam Sajo, makiyayi marar yawan magana, wanda bai taɓa ɗaukar Ilu a bakin komai ba, ya haɗa da saƙo gajere: suna ranar Juma'a da safe, rago ya iso ranar Alhamis.

Ranar Laraba da yamma Ilu ya shimfiɗa wata tsohuwar taswira a kan teburin Haladu.

"Ɗauke almakashinka ka ga ilimi," in ji shi. "Daga nan zuwa Sule Tankarkar tafiyar awa ɗaya ce. Me zan yi da sauran yinin? Gobe zan nuna muku ƙasar nan. Da farko tafkin bado na wajen Gagarawa. Daga nan Kuka Mai Zaure. Sannan farar jigawa ta bayan Maigatari, inda mutum zai tsaya ya ga ƙasa biyu da ido ɗaya. Kafin la'asar mun sauke rago a ƙofar surukina, ya ga irin wanda ya ba 'yarsa."

Haladu ya cire allura daga bakinsa. "Ilu, Sule Tankarkar fa yamma take. Gagarawa kuwa gabas."

"Ka ga illar zama a kan keken ɗinki. Duniya a zagaye take, mutumina. In ka yi gabas ka daɗe, yamma za ka ɓullo."

"Kafin la'asar?"

"Da Landiroba? Kafin azahar ma, in na ga dama."

'Yan majalisa suka kwashe da dariya, wani ya ce a bar masa wasiyya. Haladu dai ya yarda zai je, don kwana tara ya yi, tun kafin haihuwar, yana ɗinka wa Ilu farar babbar rigar suna, kuma yana so ya ga yadda za ta sha kallo.

Da safe sai ga Ilu ya fito cikin rigar.

"Ta gobe ce fa!" in ji Haladu.

"Yau ma rana ce."

Aka ɗora buhun gero, da kabewa biyu, da kwallar kayan jariri, da jarkar ruwa. Aka ɗaure ragon a baya, fari ƙal mai baƙin kunne ɗaya. Ta ƙarshen fitowa ita ce Goggo Yelwa, yayar mahaifin Ilu, wadda ta yi kiwon ragon da hannunta wata takwas. Ta zagaya motar sau ɗaya, ta leƙa ƙarƙashinta.

"Ɗan nan, wannan abar za ta kai mu?"

"Goggo, wannan motar ta taɓa ɗaukar Bature."

"To ina Baturen yake yanzu?"

Maƙwabta bakwai suka tura. Motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta tashi da wata irin ƙara da ta watsa awakin unguwa. Ilu ya wuce kwanar da zai bi, kuma tunda ba ribas, sai da ya zagaya unguwar ya sake wucewa ta ƙofar gidansa. Waɗanda suka yi musu a sauka lafiya suna nan tsaye.

"Sannunku da dawowa!" in ji wani. "Yaya mai jego?"

Da suka fita gari kuwa, abin ya yi daɗi. An yi ruwa shekaranjiya, ƙasa ta kwanta, gero ya fi mutum tsawo hagu da dama, iska tana kaɗa shi. Shamuwa na tafiya ɗai-ɗai a bayan masu noma. Haladu ya fito da gwiwar hannu ta taga yana 'yar waƙarsa. Ilu yana tuƙi yana bayani, kowace bishiya sai ya faɗi shekarunta, har da wata aduwa da ya ce shi ya hana a sare ta.

Wajen hantsi suka iso tafkin, ba nisa da layin dogo na Gagarawa Tasha. Ruwa shimfiɗe kamar faranti, furen bado fari da shuɗi ya rufe gefensa. Kirinjijiya garke guda suna iyo, balbela ta yi fari a kan wani gawo, can tsakiya ga gauraka biyu tsaye da tukkunsu. Goggo ta buɗe baki za ta ce masha Allah.

"Sun yi nisa," in ji Ilu. "Bari in kira muku su."

Ya danna ham. Cikin ƙiftawar ido sama ta cika da fukafukai, tafki ya koma ruwa da ganye.

"Madalla," in ji Goggo. "Mun ga bayansu."

"Suna can ɗaya gefen. Ku riƙe da kyau, yanzu za ku ga abin da ake nufi da Landiroba."

"Ilu, taɓo ne a gabanka," in ji Haladu.

"Taɓo abincinta ne."

Motar ta ci abincinta har wuya. Ƙafafunta huɗu suka nutse, ta yi gunji, ta mutu. Ilu ya buɗe ƙofa ya ce zai auna zurfin wurin, ya zura ƙafa, ya tafi har ƙugu. Haladu ya dafe kai.

"Rigata! Kwana tara!"

"Rigarka ko tawa?"

Daidai nan jirgin Nguru ya kunno kai. Fasinjoji suka yi cincirindo a tagogi suna nuna mutumin da ke tsaye cikin tafki da babbar riga. Ilu ya ɗaga musu hannu a hankali, kamar mai duba aiki.

Wani manomi da ke huɗa a kusa, mai suna Ɗantsoho, ya zo da bijimansa biyu. Ya ɗaura igiya a bayan motar.

"Ta gaba za ka ja," in ji Ilu. "Ba ta da ribas."

"Shanuna suna da shi," in ji Ɗantsoho.

Aka fito da ita. Ruwan jarka duka ya tafi a wanke Ilu, rigar dai ta koma launi biyu, sama fari, ƙasa kalar ƙosai. Ɗantsoho da maƙwabtansa na gona suka tura. Da motar ta tashi, ya bi su da murya.

"Ina kuka nufa ne?"

"Sule Tankarkar!"

Ɗantsoho ya juya ya dubi yamma, ya sake duban motar da ta miƙi arewa, ya koma ga shanunsa.

Kuka Mai Zaure kuwa ba ƙarya Ilu ya yi ba. Tun daga nesa suka hango ta, ita kaɗai a fili, ta sha ganye kore shar. Gindinta mutum goma sha biyar ba za su kewaye shi da hannu ba, ga wani kogo a jikinta mai baki kamar ƙofar zaure. Suka yi azahar a inuwarta. Wata Bafillatana mai tallan nono tana hutawa a gefe, Goggo ta sayi ƙwarya guda don mai jego.

Ilu ya naɗe hannun riga ya nufi kogon.

"A nan muka kwana ni da masu awo. In ka kira sunanka a ciki, sau uku take amsawa."

"Malam," in ji mai nono, "kada ka shiga. Akwai masu gida."

"Aljanu? Ni da na yi aiki da masu ilimin zamani?"

"Ba aljanu ba ne, ai..."

Ya riga ya shige. Suka ji ya ƙwala, "Iluuu!" Sannan ya ɗauki sanda ya ƙwanƙwasa bangon kogon don amsar ta yi saurin fitowa. Amsar ta fito. Wani irin gurnani ya taso daga cikin kukar, sai ga Ilu ya yo waje da gudu, baƙin hayaƙin ƙudan zuma na biye da shi.

Mai nono ta ɗauki ƙoƙonta ta yi gabas. Haladu ya shige ƙarƙashin mota. Goggo ta ja mayafi ta lulluɓe ta zauna kamar turmi, ko ɗaya bai taɓa ta ba. Ilu ya kewaya kukar sau biyu, babbar riga na kama iska, ya faɗa cikin sabara, ya fito ta cikin ƙarangiya.

Da abin ya lafa, idonsa na hagu ya rufe ruf, leɓensa na sama ya yi kamar an soya shi.

"Sau nawa ta amsa?" in ji Goggo daga cikin mayafi.

"Ƙaiƙayi ne kawai. Zuma ta san ni."

"Ta gaishe ka kuwa da kyau."

Suka koma mota suka tarar rago ya miƙa wuya ta saman kujera, yana tauna a natse. Taswira ce. Ilu ya fizge abin da ya rage, wata 'yar kusurwa da ba komai a jikinta sai kibiyar nan mai nuna arewa.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ya bar mai muhimmancin."

"Ilu, mu koma titi mu tambayi hanya," in ji Haladu. "Rana ta karkata."

"Ga kibiya a hannuna, in tambayi wa?"

"Ai duk inda ka juya takardar nan take nunawa."

"To ka ga amfaninta ke nan."

Haladu da wasu makiyaya biyu suka tura. Ba su yi nisa ba hayaƙi ya fara tashi daga gaban motar, lagireto ya tafasa, jarka kuma ba ko ɗigo. Ilu ya dubi hagu, ya dubi dama, idonsa mai gani ya sauka a kan ƙwaryar nonon Goggo.

"Kada ka soma," in ji ta.

"Goggo, duk abin da ke sanyaya cikin mutum yana sanyaya inji. A littafin motar aka rubuta."

Ya juye nonon duka. Suka ci gaba, ƙamshin ɗumame na tashi, ƙudaje na yi musu rakiya. Hanyar mota ta zama ta amalanke, ta amalanke ta zama ta shanu, daga nan ta ɓace. Ilu na riƙe da kibiya a hannu ɗaya, sitiyari a ɗaya, yana leƙen duniya da ido guda.

Ikon Allah, sai ga jigawar a gabansu. Ilu ya hau da motar har kusan ƙoli, ya juya hancinta ya fuskanci gangare, ya sa kabewa ɗaya a gaban taya.

"Kun ga dabara? In za mu tashi ba sai an tura ba."

Suka taka zuwa sama. Ƙafar jigawar ciyawa ce kore, amma ƙolinta rairayi ne fari tas, mai laushi kamar garin tuwo. Daga nan ƙasa ta buɗe musu ta kowane gefe. Goruba jere-jere, tafkuna ƙanana suna walƙiya, garken shanu farare kamar an watsa auduga, can nesa hadari ya tsaya a kan wani ƙauye shi kaɗai yana zuba. Wani ayarin raƙuma na tafe a hankali ta ƙasan jigawar. Iska mai sanyi ta taso. Goggo ta daɗe tana kallo.

"Kai, ɗan nan," ta ce daga baya, "wannan kam ya isa a zo a gani."

Ilu ya kumbura fiye da yadda zuma ta kumbura shi. Goggo ta ce gwiwarta ta gaji, ta gangara ta shiga mota ta ɓangaren inuwa, wato kujerar direba, ta zauna tana fifita.

"Ka ga can?" Ilu ya miƙa hannu yana nuna wa Haladu. "Nijar ke nan. Nan da muke tsaye Nijeriya. Da na ƙara taku ashirin, sai an nemi fasfo."

"Salamu alaikum," in ji wata murya a bayansu.

Suka juya. Wani jandarma ne a kan raƙumi, da kaki da bindiga a kafaɗa. Haladu ya matso kusa da Ilu.

"Ilu, wannan ba kakin 'yan sandanmu ba ne."

"Ɓata ya yi, ya shigo mana. Bar ni da shi, na iya Faransanci." Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya. "Bonjur, mushe! Sa ba! Marsi boku!"

"Ilu!" Goggo ta ƙwalo daga mota. "Mutum da ransa, da bindigarsa, ka kira shi mushe?"

Jandarma ya dubi fuskar Ilu, ya dubi rigar, ya zubo wata doguwar magana da Faransanci.

"Wi," in ji Ilu.

Ya ƙara wata.

"Wi, wi."

Jandarma ya sauko daga raƙumi, ya koma Hausa garau irin ta Damagaram. "Na tambaye ka ko ka san kilomita shida ke nan da ka baro ƙasarku, ka ce i. Na tambaye ka ko ragon can na fasa-ƙwauri ne, ka ce i, i. To kawo takardun mota da na rago."

"Ranka ya daɗe," in ji Haladu, "wallahi wurin suna za mu. Wannan ko Hausa ba kullum yake gane ta ba."

Ilu ya laluba aljihu. Abin da ya fito da shi kibiya ce. Jandarma na jujjuya ta a hannu, sai suka ji wani sauti, fus! Kabewa ta fashe. Landiroba ta ɗan yi tunani, sannan ta kama gangare, da Goggo, da rago, da kwallar jariri.

"Birki, Goggo! Sau uku! Taka sau uku!"

Ilu ya bi ta da gudu, riga ta harɗe shi, ya ƙarasa gangaren yana mirgina. Goggo kuwa ba ta san inda birki yake ba, amma ta ga abin riƙewa a gabanta, ta riƙe. Goruba biyu suka taso mata, ta bi ta tsakaninsu ko ganye ba ta taɓa ba. Ayarin raƙuma ya tare hanya, ta karkata dama ta kewaye shi, rago na ihu a baya. Motar ta je ta tsaya lumui cikin rairayi.

Da suka iso suna haki, suka tarar tana gyara ɗaurin kallabi.

"Ashe wannan ne tuƙin da ka cika mana kunne da shi? Ai tankaɗe ya fi shi wuya."

Jandarma ya yi dariya har ya dafa raƙuminsa. Da aka tura motar ta ƙi tashi, ya buɗe murfin lagireto ya shinshina, ya sa yatsa ya lakato wani abu fari mai kauri.

"Wannan ba mota ba ce, tukunyar cuku ce." Ya share hawaye. "In na kai ku ofis, wa zai yarda da rahotona? Ku tafi. Hajiya kaɗai ce mai lasin a cikinku."

Ya yi magana da madugun ayarin, Buzaye ne masu kai kanwa kasuwar Maigatari, don ranar Alhamis ce take ci. Aka ɗaura Landiroba a bayan raƙuma biyu.

Haka suka shiga Maigatari bayan la'asar, kasuwa ta cika ta batse. Masu awo suka bar mudu, masu tsire suka bar wuta, mata suka sauke tallansu don su ga motar da raƙuma ke ja. Ilu na zaune a gaban sitiyari, ido ɗaya, leɓe kamar ƙosai, yana murza shi hagu da dama.

"Sabuwar dabara ce," yake gaya wa duk wanda ya leƙo. "Tattalin fetur."

"Sunkuyar da kai mu wuce," in ji Haladu, wanda ya rufe fuska da hula.

"Raƙuman nan ba sa sauri. Bari in tuna musu."

"Ilu, kada..."

Ya danna ham. Raƙuma suka zabura, ɗaya ya yi hagu, ɗaya ya yi dama, igiya ta tsinke. Motar ta gangara ita kaɗai ta bakin kara, inda ake cinikin dabbobi, dillalai na tsalle suna ba ta hanya, ta je ta soke hanci cikin tsibin taki. Rago ya ga dama ta samu, ya tsinke tasa igiyar, ya yi tsalle ya faɗa cikin raguna sun fi dubu, rabinsu farare.

Nan fa Ilu ya manta da Faransanci. Ba rago, ba suna. Ya kutsa cikin kara yana ture mutane, ya hango wani fari, ya rungume shi ta wuya ya fara ja.

"Ɓarawo!" in ji mai ragon. "Jama'a, ɓarawo da rana tsaka!"

Kafin ya buɗe baki an kewaye shi, wani ya riƙe wuyan riga, wani ya riƙe hannu.

"Ku sake ni! Ni ne Ilu na gandun daji! Duk Gumel an san ni!"

Wani mahauci mutumin Gumel ya matso ya ƙare masa kallo. "Na san Ilu. Ilu ba shi da kumatu haka."

"Zuma ce!"

"Muryar dai tasa ce," in ji mahaucin. "Ƙaryar ma irin tasa ce. Amma fuskar ban san ta ba."

Sai taron ya dare. Wani dogon dattijo da malafa da sanda a kafaɗa ya shigo tsakiya, yana jan wani jan rago mai ƙaho. Malam Sajo ne. Ilu ya so ƙasa ta tsage. Ya durƙusa cikin kashin tumaki.

"Baffa, barka da yamma."

Malam Sajo bai dube shi ba, kamar yadda bai taɓa dubansa ba tun ranar ɗaurin aure. Ya ce da mai ragon, "Sake shi. Ba ɓarawo ba ne. Ɓarawo yana da dabara." Sannan ya juya ga Haladu. "Malam Haladu, kun sha hanya."

"Mun sha, Baffa. Me ya kawo ka kasuwa, ga hidima a gida?"

"Jiya aka gaya mini wai a mota za a kawo rago. Shi ya sa na yi sammako na zo na nemi wani. Jikana ba zai kwana takwas babu suna ba."

Kara ta ɗauki dariya har raguna suka firgita. Ana cikin haka sai ga Goggo ta ratso taron, tana kaɗa 'yar dusa a ƙoƙo, farin rago mai baƙin kunne na biye da ita kamar ɗa da uwa.

"Ga shi nan," ta ce. "Kira ɗaya na yi masa. Shi yana jin magana."

Malam Sajo ya gaishe ta da girmamawa, ya sama mata wuri a gaban wata motar 'yan kasuwa mai komawa Sule Tankarkar, shi da Haladu suka zauna kusa da ita. Landiroba aka bar ta a inda ta zaɓa wa kanta. Ilu aka ɗora shi can sama a kan buhunan kanwa, igiyar rago ɗaya a kowane hannu.

Ba su yi mil biyu ba ya fara buga rufin motar da ƙafa. Direba ya tsaya ya leƙo.

"Lafiya?"

"Akwai wata 'yar gajeriyar hanya nan hagu. Tana bi ta wani kwari mai kyaun gaske, na san..."

"Kai ne mai Landirobar?"

"Ni ne," in ji Ilu, har da gyara zama.

"To ka ƙara taɓa rufin motata, a nan zan sauke ka, in wuce da ragunan."

Ana kiran magariba suka shiga Sule Tankarkar. Mata suka fito da guɗa, suka ga raguna biyu suka ƙara wata, suka ga Ilu guɗar ta tsaya a maƙogwaro. Aka kai shi ƙofar ɗakin mai jego. Larai na zaune da jariri a cinya, ta dube shi tun daga hula har ƙafa, ta ƙara rungume ɗanta.

"Goggo, wane ne wannan?"

"Uban ɗanki ne. Ki yi haƙuri, zuwa jibi zai saɓe."

"Inna lillahi! An ce tun da safe kuka baro Gumel. Me ya tsare ku?"

Ilu ya buɗe baki zai fara bayani, Goggo ta ɗaga masa hannu, ta zauna a bakin gado ta miƙa hannu a ba ta jaririn.

"Kallo, 'yar nan," ta ce. "Da safe mu muke kallon ƙasa. Da yamma ƙasa ta taru tana kallonmu."